Maɓalli Yana Kuka

"Shi kam kowane riga ya sa, sai maɓalli ya yi kuka. Kafin biki dai a nemo masa babba."

Goggo Asta ce ta faɗa, matan da ke zaune a ɗakin suka kwashe da dariya. Ni kuma ina bayan labule riƙe da tiren kofuna. Ko takalmi ban gama sawa ba, yanzu-yanzu na durƙusa na gaishe su na fito.

'Yan uwa, bari in koma baya kaɗan don ku gane. Sunana Hamna, gidanmu yana unguwar Sarkin Dawaki a nan Jalingo. Mus'ab shi ne wanda manyansa suka zo gaisuwa gidanmu, saura a sa rana. Goggo Asta ƙanwar babansa ce, ita ce bakin gidan, abin da ta faɗa shi mata suke bi. Ranar kuwa sunan ɗan yayar Mus'ab ake yi, Adda Fadila, can Nukkai, kuma ranar na fara shiga cikin danginsa.

Na san wata a cikinku za ta ce, to ai "shi" matar ta ce, ke me ya shafe ki? Ba ki san Jalingo ba ke nan. Mu nan "shi" na kowa ne, mace da namiji. Goggo Fulatanci ne a bakinta, Hausar tata ta mu'amala ce. Ko da na shiga ɗakin cewa ta yi, "Hamna ya zo, ku ba shi wuri." A gidanmu ne kawai Umma, da yake jinin Kano ce, ba ta yarda ba. Tun muna yara in ka ce "Fiddausi ya tafi" za ta ce maka, "Yaushe Fiddausin ta zama namiji?"

To ni ce na fita daga ɗakin. Ni ce mai rigar atamfa mai maɓallai a gaba. Ni ce wadda Umma ta hana sa hijabi ranar, wai gidan suna ne in yafa mayafi kamar kowace budurwa. Kuma da na durƙusa gaisuwa mayafin ya zame, na ji zare ya ce ɗas a ƙirjina. Ku gaya min, wa kuma ake nufi?

Na ajiye tiren a bakin rijiya, na ce wa Adda Fadila kaina na ciwo, na tari keke na dawo gida. Har muka haye gadar Nukkai hannuna na kan ƙirjina.

Abin nan ba yau ya fara ba. Tun ina aji biyu a ƙaramar sakandare jikina ya riga na sa'o'ina. Ni ba mai ƙiba ba ce, ƙuguna da kafaɗuna na yarinya ne, amma Allah ya yi ni da cikar ƙirji. Rigar makaranta sai da aka sayo min ta manya. 'Yan ajinmu suka sa min suna, ba zan rubuta shi a nan ba. Daga nan na koyi tafiya a duƙe, na koyi rungume littafi, na koyi zama a layin baya ina kallon kowa ba mai kallona.

Ƙananan kaya kuwa, irin waɗanda 'yan mata ke sawa a gida, riga 'yar kanti da siket ko dogon wando, ni da su sai kallo. In rigar ta shiga ƙirji, kafaɗarta ta zubo har gwiwar hannu, in zama kamar an rufa wa tukunya buhu. In kafaɗa ta zauna, gaba ya buɗe baki tsakanin maɓalli da maɓalli. In mai roba ce ta ɗage ta gaba, cibiya a waje, rubutun da ke jikinta ya baje har ba ya karantuwa. Sai na haƙura. A gida tsofaffin rigunan ƙwallon yayana nake sawa, a waje zumbulelen hijabi har ƙasa ko ana zafin da kwalta ke narkewa. Fil na kama riga kuwa, a kowace jaka tawa akwai. Umma siririya ce, ba ta taɓa sanin wannan wahalar ba. Maganarta ɗaya ce kullum: "Ki sayi babba mana."

Babba. Kalmar Goggo ke nan.

Bayan sunan da 'yan kwanaki saƙon Adda Fadila ya shigo waya:

"Amaryarmu, jam na? Lafiya dai? Turo min lambar takalminki, da na ƙananan kaya, da na ciki. Za mu fara haɗa lefe."

Na tura na takalmi kawai.

"Sauran fa? Ko kunya ce? Ni ma mace ce fa." Ta haɗo da fuskar dariya.

Wannan fuskar dariyar na daɗe ina kallonta. Kun san dai yadda ake kawo lefe. A baje akwatuna a tsakar gida, mata a kewaye, a dinga ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, har na ciki ba a bari. Kuma Goggo Asta ce za ta jagoranci masu kawowa. Ina rufe ido sai in gan ta ta ɗaga wata ƙatuwar riga sama kamar tuta, tana cewa, "Ga na shi, babba muka nemo." Mata na dariya, har da na unguwarmu.

Sai na daina amsa Adda Fadila. Daga nan na fara guje wa Mus'ab ɗin ma. In ya turo "Ya gajiya?" in ce "Lafiya." In ya kira in bar wayar ta gama kukanta. Da ya zo zance na ce Umma ta ce masa ba na jin daɗi. Abin da ke cin raina shi ne, ko shi ma ya ji maganar? Ko a gidansu haka ake hira da ni, yana zaune yana murmushi?

Kuma wallahi ina sonsa. Mutum ne mai sanyi, yana aiki a wani ofishin harkar noma. In ya zo, cikin jamfa mai faɗi yake zuwa, ya zauna kan benci a zaure, ya cire hularsa ya ɗora a ciki ya riƙe ta da hannu biyu, ya yi ta ba ni labarin manoman da suka yi rigima da shi kan iri. Yana son dambun Umma kamar me. Ni dai kaina a ƙasa, takalmansa na fi sani a kan fuskarsa.

"Ke wai me yaron nan ya yi miki?" Umma ta tsare ni a madafa.

"Ba komai."

"Ba komai ne Fadila take kirana tana cewa kin ƙi tura awo? So kike a ce 'yata mai girman kai ce tun ba ta shiga ba?"

Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita.

Ran nan da hantsi saƙonsa ya shigo, kuma shi ne ya girgiza ni:

"Hamna, Bappa, wan babana, zai zo sa rana ranar Asabar. In kin canja shawara ki gaya min, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Amma kar ki bari tsoho ya sa babbar riga ya zo a ba shi kunya."

Na karanta na kife wayar. Ban canja shawara ba. Amma ta yaya zan ce wa namiji, goggonka ta yi dariyar ƙirjina? Da wane baki?

Umma ta aike ni babbar kasuwa sayen citta da kanumfari na zoɓon baƙi. Na yanke ta layin 'yan gwanjo don in guje wa cunkoso. Kamar kullum idona ya tsaya kan wata riga ruwan ƙasa da aka rataye, na taɓa hannunta kawai zan wuce.

"Wannan ba naka ba ne. Shigo ciki."

Na ɗago. Wata mata ce zaune kan dila tana cin gyaɗa, baƙa, doguwa, da ɗan ƙaramin gicciye a wuya. Abin da na fara gani, Allah ya yafe min, ƙirjinta ne, don ta fi ni nesa ba kusa ba. Abu na biyu kuma, rigarta. Ta zauna mata lafiya lau, ba buɗewa, ba ɗagewa, ba fil. Kuma zaune take a miƙe kamar kasuwar ta ubanta ce.

"Kallo kawai nake," na ce.

"Na sani. Kullum kana wucewa kana taɓa, ba ka saya. Ni da kai layi ɗaya ne, ƙanwata. Hijabi ba ya ɓoye wa Victoria komai, daga tafiya nake ganewa. Shigo, ba namiji a nan."

Ban san abin da ya ja ƙafata ba. Ta saki zanin da ta yi labule da shi a bayan rumfar, ta ce in cire hijabi. Na cire. Ta ga rigar ƙwallon, ta ga fil ɗin da na kama rigar mama da shi ta baya, ba ta yi dariya ba. Tsaki ta yi.

"Wa ya saya maka wannan bireziya?"

"Ni ce. Babba nake cewa a ba ni."

"Shi ne matsala. Babba, babba. Bayanka ƙarami ne, gaba ne mai yawa. Ka sayi mai faɗin baya, yana hawa sama, kaya yana sauka ƙasa, wuya yana ciwo. Ƙarya ne?"

Ba ƙarya ba ne. Ciwon wuyan nan har magani Umma ta sha saya min.

Ta zaro tef daga wuyanta ta auna ƙarƙashin ƙirji, ta auna sama, ta tona wata jaka ta miƙo min. Da na sa, 'yan uwa, sai na ji kamar an sauke min tulun da na manta ina ɗauke da shi. Numfashi na ja har cikina.

"Yauwa. Yanzu riga."

Ta dinga zaro su tana jefo min tana magana, bakinta bai tsaya ba. Wai in fara duba ɗinkin kafaɗa, in ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗata to rigar tawa ce, in ya zubo ba tawa ba ce ko da ta shige. Wai mai wuyan da ya rufe har maƙogwaro tana ƙara cika mutum, in nemi wadda wuyanta ya ɗan sauko kamar bakin almakashi, in ina jin kunya in sa shimi a ciki. Ta ba ni wata mai naɗewa, ɓari ya hau kan ɓari a ɗaure a gefe, ta ce wannan ita ke bin jiki, ba jiki ke binta ba. Ta ja yadin wata ta saki, ya koma yadda yake. "Irin wannan roba za ka nema. In ka ja bai koma ba, bar musu."

"Masu maɓalli fa?" na tambaya a hankali.

"Ka saya wanda ya rufe ƙirji ba faɗa, ka kai wa tela ya kama ciki ta gefe, ya sa ɗan maɓallin ɗanawa a ɓoye tsakanin biyun nan masu gulma. Shi ke nan. Ɗaga hannu sama."

Na ɗaga. Rigar ba ta bi ni ba.

"Durƙusa kamar kana gaida surukai."

Na durƙusa. Ba abin da ya ce ɗas.

Ta jingina wani tsagin madubi a jikin dila. Wata shuɗiya ce a jikina, mai naɗewar nan, hannunta har gwiwa. Na ga wata yarinya mai ƙugu. Wallahi ban san ina da ƙugu ba. Na ga wuyana, na ga kafaɗuna a buɗe. Sai kawai hawaye, ba shiri.

Victoria ta miƙo min gyaɗa. "Yi kuka. Ni a ƙauyen Kona na girma, har na yi aure da zani nake ɗaure nawa, ina zuwa coci kamar mai ciwon haƙarƙari. Ba wanda ya gaya min. Shi ya sa in na ga irinmu ba na bari ya wuce."

Ban san lokacin da na ba ta labarin duka ba, sunan, labulen, Goggo, lefe, saƙon Mus'ab. Abin da ban iya gaya wa Umma ba na gaya wa matar da ban taɓa sani ba, a bayan zani, ana ta cinikin takalma a gefenmu.

"Faɗa min maganan yadda ya faɗa."

Na maimaita mata.

"Ya kira sunanka?"

"A'a. Amma ni na fita daga ɗakin."

"Hm." Ta watsa gyaɗa a baki. "Ƙila kai ne. Tsofaffi bakinsu ba birki. Amma ƙanwata, a garin nan 'shi' kowa ne fa. Ni shi ne, kai shi ne, mijina Solomon ma shi ne. Ka tambaya wane shi?"

"Wa zan tambaya?"

"Wanda za ka aura mana. In ba za ka iya tambayansa magana ɗaya ba, yaya za ka zauna gida ɗaya da shi?"

Na fito da leda a hannu, na manta da kanumfari sam, sai da na koma.

A gida na sa shuɗiyar na fito tsakar gida ba hijabi. Umma na tankaɗe, ta ɗago, rariyar ta tsaya a hannunta. Ta daɗe tana kallona.

"Juya."

Na juya.

"Hamna, dama haka kike?" Muryarta ta yi ƙasa. Ta taso ta taɓa kafaɗata inda igiyar tsohuwar rigar mama ta yi min shaida baƙa. "Shekara da shekaru ina ce miki ki sayi babba. Ban sani ba, 'yar nan. Wace ce matar? Gobe ki kai mata dambu."

Na kai mata kuwa, kuma har yau ina kai wa. Duk wadda ke karanta wannan tana tafiya a duƙe kamar yadda na yi, Allah ya haɗa ki da taki Victoriar. Ni dai ba abin da zan ce sai godiya.

Ranar da na dawo daga kasuwar, kafin azahar na tura wa Adda Fadila awon duka, har na ciki, na ƙara da cewa in za su sayi ƙananan kaya akwai wata rumfa a layin gwanjo da ta san jikina, tana kawo sababbi ma in an ce mata. Ta amsa da, "Useko, mun gode amarya! Da kin bar mu muna ta canke." Ba fuskar dariya wannan karon, zuciya ta turo.

Saura Mus'ab. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura: "Ka zo yau."

"Daga ofis zan wuto," ya amsa nan take.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mashin ɗinsa. Na sa shuɗiyar da baƙin siket, na yafa babban mayafi, na ɗauki jug ɗin zoɓo. A bakin zaure na tuna maganar Victoria, na buɗe kafaɗuna.

Yana zaune kan benci. Ban taɓa ganinsa da kayan ofis ba, farar shat da baƙin wando, ba hula. Jakar aikinsa ya ɗora a ciki ya rungume da hannu biyu. Fuskarsa duk ta faɗa.

"Sannu da zuwa."

"Yauwa Hamna. Jiki ya yi sauƙi?"

"Da sauƙi."

Yau ban kalli takalmansa ba, shi na kalla. Shi ne ma ya sunkuyar da kai.

"Na ga saƙonki gabana ya faɗi," ya ce. "In maganar ce, ki faɗa kawai. Na san ni ba wani... na san akwai waɗanda suka fi ni tsari. Tun ranar sunan nan kika canja. Na ce ko wani abu kika ji a gidan."

"Na ji."

Ya runtse ido. "Na sani. Wallahi na sani."

Ashe ya sani. Na zuba zoɓo a kofi don hannuna ya samu abin yi, na miƙa masa. Ya saki jakar ya miƙo hannu, jakar ta zame ta faɗi ƙasa.

'Yan uwa.

Farar shat ɗin nan, daga ƙirji zuwa wuya lafiya lau. Amma a kan cikinsa, inda dambun Umma da zaman ofis suka taru, maɓallai biyu sun ja juna har singileti na leƙowa. A tsakaninsu kuma, an soke ta ciki don kar a gani, ga ɗan kan fil yana ƙyalli. Irin nawa sak, ƙaramin nan mai ruwan azurfa.

Ya ga inda idona yake. Ya yi wuf ya ɗauko jakar ya mayar, har zoɓo ya ɗiga masa a wando. Kunnuwansa kamar a taɓa su yi jini. Sai na tuna jamfa mai faɗi ko ana zafi. Na tuna hular da kullum take zaune a ciki, ba a ka ba.

Dariya da kuka suka taho min tare, na danne su da bakin mayafi. Na gyara zama, na kalle shi ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

"Mus'ab."

"Na'am."

"Ranar sunan nan, da Goggo ta ce kowace riga aka sa maɓalli sai ya yi kuka, a nemo babba kafin biki... tsakani da Allah, wa take nufi? Ni, ko kai?"